Ƙarfe Huɗu na Asuba

Graciete dillaliya ta ce, "Leƙa ta taga."
Na leƙa. Jiragen shaƙatawa jere a sabuwar tasha,
farare fat kamar haƙoran saye,
igiyoyi na dukan sandunansu, ƙararrawar da ba ta kiran kowa.
"Wannan kallon kaɗai rabin kuɗin gidan ne."
Ba ta nuna min bangon kicin ba,
inda gishiri ya ci siminti har ya tarar da ƙarfe.

Shekara talatin da ɗaya ina ƙirga ƙwayoyi
a kantin magani a Beja, garin da ruwa sai na famfo.
Abin da na tara, da abin da banki ya ranta,
na juye su kan teburin lauya ranar Laraba.
Anselmo ya sa hannu a hankali,
biro a yatsunsa kamar allurar ɗinkin koma.
Ya turo min makullai uku a shuɗiyar igiya.
"Na ukun ba ya buɗe komai.
Rumfarsa yanzu wurin ajiye motoci ce."
'Yarsa na waje, ko injin ba ta kashe ba.
Hawa na biyar za ta kai shi, bayan babban titi,
inda teku sai a jikin kalanda.

Daren farko, ƙarfe huɗu,
ƙwas, ƙwas, ƙwas a ƙyauren taga.
Na ƙudundune, gabana na dukan uku-uku.
Takun takalmin roba ya gangara lungu, ya ɓace.
Washegari haka. Wanshekare ma haka.

Mai burodi ta ce, "Baltazar ne.
Shekara arba'in yana tada Anselmo su fita su.
Jirginsu tun bara aka sayar,
yana ƙofar gidan abinci, an shuka furanni a cikinsa.
Shi ya sani sarai. Hannunsa ne bai samu labari ba."
Ta miƙo min canji, ba ta sake shi ba.
"Jikansa Duarte ya taya gidan kafin ki zo.
Kin ɗara shi da yuro dubu ashirin."

Ban sani ba.
Ko kuwa ban tambaya ba, don kar in sani.

Na ƙirga ƙofofin layinmu, sha biyu.
Bakwai na da ɗan akwatin makulli mai lambobi,
fitilunsu sai watan Agusta.
Na koma na buɗe takardar ciniki:
murabba'in mita tamanin da huɗu,
ɗaki biyu, rijiyar da ta ƙafe, izinin bi ta lungu.
Na bi layi-layi da yatsa, kamar takardar likita.
Babu inda aka ce tagar nan
tana bin wani bashin amsawa.

Dare na tara na riga shi.
Bugu biyu, na buɗe.
Hannunsa na sama, na ukun bai sauka ba.
Ya dube ni, ya dubi bayana.
"Ba ke ba ce."
"Ni ce dai, yanzu."
Ya ɗaga hanci ya shinshini duhu.
"Iskar gabas. Yau ba a fita."
Kamar muna da abin fita.

Na miƙa masa kofi ta taga, ya sha a tsaye,
ya ce ruwa ya yi masa yawa.
Ya nuna bangon kicin da haɓa:
"Kar ki bari su yaɓa masa siminti.
Farar ƙasa yake so. Bango ma numfashi yake."
Ya ajiye kofin a dokin taga,
daidai kan wani tsohon zagaye da na yi ta gogewa bai fita ba.

Takunsa ya gangara wajen tasha,
inda mai gadi ke tambayar kati.
Na tsaya da makulli na uku a aljihu,
ina jiran ruwa ya sake tafasa.
Gobe zan rage.